Sai Ɗan Asabe Ya Yi Famfara

Azare, ranar Juma'a da hantsi.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na gona. Allah ya tsare ku a gida da daji, ya kiyaye ku daga sharrin mai tafiya da ƙafa da mai ja da ciki.

Yau Juma'a, an fara yankan gero a bayan gari. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarin ya ragu. Ƙafar hagu ce har yanzu a kumbure, takalmi ba ya shiga, don haka ban sani ba ko zan kai masallaci. Na sha koko rabin kofi. Yau kwana arba'in da ka tafi aikin gonar nan ta bayan Gamawa, ka tafi da dukushinmu Ɗan Asabe tunda ni ba na iya ɗaukar masa ko guga ɗaya na ruwa. Turkensa yana nan a tsakar gida, ban sa an cire ba.

Ka ce yau za ka zo ka karɓi doguwar igiyar horo. Ina rubuta wannan kafin ka iso, saboda na san kaina kuma na san ka. Numfashina ba ya kai ni ƙarshen magana, kai kuwa ka iya "to Baba, to Baba" har mutum ya zaci an ji shi. Takarda ba ta haki. In ka zo zan miƙa maka, ka karanta a gabana.

A waya ka ce mini mako mai zuwa za ka fara zagaya da Ɗan Asabe a igiya, a cikin rairayin da ke bayan gonar, don ƙafafunsa su yi ƙarfi, kafin rani ya ƙare a ɗora masa sirdi. Dukushin nan watansa goma sha shida. Amsata ita ce kada ka fara. Ba zan ce maka don na fi ka sani ba ne. Zan gaya maka abin da na ɓata da hannuna, kai ka auna.

Lokacin da nake aikin malamin dabbobi a Katagum, kafin a haife ka, na yi wani dukushi aharas, na sa masa suna Hadari. Yana da shekara ɗaya da rabi ya yi tsayin da duk wanda ya gan shi sai ya ba shi shekara uku. Tsayin nan ne ya yaudare ni, kamar yadda na ji yana yaudararka yanzu. Na taɓa ganin hoton ana zagaya da doki a igiya a wani littafin makaranta, ban tsaya na tambayi shekarun dokin da ke cikin hoton ba. Da rani ya yi, kogi ya janye, sai na kafa turke a tsakiyar rairayi, na ɗaura masa igiya gaba uku, na tsaya da bulala ina kora shi. Kullum da safe, sai ya yi kumfa nake barinsa. Kuma kullum ta hagu yake zagayawa, don bulalar tana hannuna na dama, haka ya fi mini sauƙi. Mutane suna tsayawa a bakin gaɓa suna kallo, ni kuwa ina jin daɗin kallon.

Akwai wani tsoho a garin, Ba Modu, Babarbare ne da ya taso daga Borno ya zauna a nan, sana'arsa gyaran kofato da saƙar ragama. Da yake mahaifiyata Bafillatana ce, wasa muke da shi, ba ya kirana da suna. Wata safiya ya zo da jakinsa ya zauna a gaɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Niƙa kake da dokin nan ko rijiya kuke haƙa?"

Na ce, "Horo nake, Ba Modu, irin na littafi. Ku Barebari me kuka sani ban da zanen fuska?"

Ya ce, "Mun san wanda ya sayar wa kakanku dokinsa na farko. Tsayar da shi ka buɗe bakinsa."

Na tsayar, na buɗe.

"Me ka gani?"

"Haƙora."

"Na nono ko na hatsi?"

Na ce na nono ne. Ya ce, "To wanda bai yar da haƙoran uwarsa ba, ƙashinsa ma ɗanye ne."

Ina ji da ƙuruciya, ga mutane suna saurare, sai na ce, "Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Na ga kana tanƙwarawa kuwa. In ya bushe, a haka zai tsaya." Ya kora jakinsa ya tafi.

Wajen mako na bakwai na shafa ƙafar gaba ta hagu na ji ta da zafi, agarar ta kumbura kamar an cusa yatsa a ƙarƙashin fata. Na sa magani, na hutar da shi mako ɗaya, kumburin ya sauka, na mayar da shi rairayi. Wannan mayarwar ita ce ta gama shi. Daga nan ɗingishi ya zauna. Da ya kai shekara huɗu, lokacin da tsararrakinsa ke fara aiki, Hadari yana tsaye a turke ya miƙa ƙafar gaba don kada ya taka ta. Ƙarshe na sayar da shi ga masu lodin dabbobi zuwa kudu. Na san abin da ake yi da su a can. Da aka hau da shi mota bai yi gardama ba, don ni na ja shi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na sani. A makaranta an koya mana cewa bakin ƙasusuwan ƙaramar dabba, wajen gwiwa da sauran gaɓoɓi, guringuntsi ne, bai gama zama ƙashi ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa haɗa abin da ke cikin takarda da dabbar da ke gabana ba. Dokin da ke zagaye duk nauyinsa yana kwantawa kan ƙafafun ciki. Rairayi mai zurfi yana riƙe kofato, agara ce ke biyan wahalar ciro shi. Turke kuwa ba ya sassautawa. Hannu yana jin doki ya yi tuntuɓe ya sakar masa, icce ba ya ji.

Saboda haka ka jira famfara. Wajen shekara biyu da rabi haƙoran nono na tsakiya, biyu sama biyu ƙasa, za su faɗi. A lissafina Ɗan Asabe zai kai nan bayan kaka mai zuwa, ba wannan da muke ciki ba. Kada ka dubi tsayinsa, kada ka dubi faɗin ƙirjinsa, bakinsa za ka duba. In ranar ta zo, ka nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda in ka taka sawunka zai fito amma ƙafarka ba za ta nutse ba. Ba rairayi ba, ba kuma fako mai tauri ba. Igiya tana hannunka, ba a turke ba, kuma kada ta gaza gaba biyar. Tafiya kawai a makonnin farko, daga baya sassarfa kaɗan. Sukuwa a igiya babu ita. Minti goma sun isa, rabi ta dama rabi ta hagu, kwana uku a mako. Kowace rana in kun gama ka bi ƙafafunsa huɗu da tafin hannunka daga gwiwa zuwa kofato. In ka ji ɗaya ta fi 'yar'uwarta ɗumi, ka rataye igiya. In ɗumin ya tafi, ka ƙara masa wasu makonnin kafin ka sauko da ita. Ni mako ɗaya na bayar.

Kada kuma ka karanta wannan ka ce Baba ya ce a ƙyale shi. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Bayan Hadari tsoro ya kama ni. Na sami 'yar goɗiya kili, muna ce mata Lami. Na rantse ba abin da zai taɓa ta sai ta girma. Ban sa mata ragama ba, ban ɗaga ƙafarta ba, na yi mata shinge a bayan gida ana zuba mata harawa ta sama. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, takan leƙa ta ce, "Malam, wai goɗiya kake kiwo ko barewa? In barewa ce a gaya mini in nemo daddawa." Sai in ce mata ba ta san dawaki ba.

Lami tana da kusan shekara uku, iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin girki ya faɗa cikin shingen, ya yanke ta a ƙafar baya. Ciwon da in ta saba da hannu ni kaɗai zan wanke in ɗaure kafin ruwan shayi ya tafasa. Sai da muka taru mu bakwai da igiyoyi muka kayar da ita. Kafin ta faɗi ta same ni a haƙarƙari. Wurin ne yake mini ciwo har yau in na yi tari. Ƙafar ta warke, amma abin da ta fara sani game da hannun ɗan Adam shi ne maza bakwai a kanta.

Ba Modu ya zo duba ni ina kwance. Ya zauna ya sha furar da aka kawo mini tas, sannan ya ce, "Bawana, na farko ka ci shi ɗanye, ta biyu ka bar ta a wuta ta ƙone. Fillani dai ba ku iya girki ba, shi ya sa kuka tsaya a nono." Dariya na so in yi, haƙarƙari ya hana.

Shi ya karɓi Lami. Wata huɗu ina zuwa ina kallonsa, kuma in ka gan shi sai ka ce ba ya yin komai. Ya shiga shingen ya zauna yana saƙarsa. Ta zo ta shinshina shi, ya ƙyale ta. Ran da ya fara shafa wuyanta, shafa uku ya yi ya fito. Na ce, "Shi ke nan aikin yau?" Ya ce, "Ta ba ni uku. In na nemi huɗu gobe sai ta ba ni biyu." A wurinsa na koyi cewa aikin hannu daban, aikin zagaye daban. Zagaye yana jiran ƙashi. Aikin hannu ba ya jiran komai, tun makon haihuwa ake fara shi.

To ga aikinka na bana, kuma ya ishe ka. Ɗan Asabe ya san ragama, yana ba da ƙafafun gaba, ta baya ta dama ma yana bayarwa. Ta hagu ce yake fizgewa, a nan na tsaya da shi kafin jikina ya ƙi. Ka ci gaba daga nan. Ka ja shi ta gefen dama kamar yadda kake jan shi ta hagu. Ya koyi tsayawa in ka tsaya, ya ja da baya in ka taɓa ƙirjinsa, ya tsaya a ɗaure ba tare da ya haƙa rami ba. Ka ɗora masa buhu marar komai a baya, ka sauke, ka sake ɗorawa, har ya daina juya kunne. Ka riƙa fita da shi da ƙafa, miƙaƙƙiyar tafiya, kai a ƙasa shi a gefenka. Ku bi ta wajen injin niƙa, ku tsaya a bakin titi babura su wuce. A wajenku akwai raƙuma, ka nuna masa su tun yanzu daga nesa, don dokin da ya fara ganin raƙumi da mutum a bayansa, mutumin ne ke ba da labari. Kuma kada ya wuni a dabaibayi. Ka sake shi a fili ya yi tsallensa, ya yi gudunsa, ya tsaya lokacin da ya ga dama. Ƙarfin ƙafar da kake nema masa a rairayi, a nan zai same shi, don shi ya san inda zai tsaya. A bana ƙafarka ce za ta gaji, ba tasa ba.

Kuskurena na uku ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka tuna Amarya, uwar Ɗan Asabe, yadda take sunkuyar maka da kai in za ka sa mata linzami, ni kuwa in na matso sai ta ɗaga kai sama? Ka sha tambayata, nakan ce halinta ne. Ba halinta ba ne. Ita na yi mata komai a kan lokaci, na jira famfara, na bi duk abin da na rubuta maka a sama. Wata rana na dawo daga zaman sulhu kan iyakar gona, an gaya mini maganar da ban ji daɗinta ba, ban rama ba. Maimakon in zauna in sha ruwa, sai na ɗauki igiya na fita da ita. Ta zagaya biyu ta juyo ta nufo ni, abin da kowane ƙaramin doki ke yi in bai gane ba. Na naɗe bakin igiyar na zabga mata a fuska. Sau ɗaya. Idon ya yi kwana uku yana hawaye. Ta zauna da ni shekara goma sha bakwai bayan nan, ta ɗauke ni zuwa Giade da Dambam ba adadi, ba ta taɓa yar da ni ba, har ta mutu a daminar nan ba ta sake sunkuyar mini da kai ba.

Ran da ranka ya ɓaci kada ka kwance doki. Ka ba shi dusa ka koma. In kuna cikin aiki ka ji zuciyarka ta fara tashi, ka nemi abu mafi sauƙi da ya iya, ya yi, ka shafa shi, ku tashi a nan. Doki yana kwana da abin da aka rufe aiki da shi.

Yayanka Yusufu ma yana da shekara biyar na ɗora shi a kan ingarma a gaban baƙi, yana kuka ban sauke shi ba, don kada a ce ɗan malamin dabbobi matsoraci ne. Ka san bai ƙara taɓa doki ba, ka kuma san sau nawa yake zuwa gida. Ba zan ja wannan maganar ba. Kana da ɗa yanzu, shi ya sa na ambata.

Saura abu ɗaya. Ran da muka yi waya, ka zaci ka kashe, na ji kana ce wa matarka, "So nake Baba ya gan shi da sirdi." Kunnena ya yi nauyi amma wannan ta shiga. Na gane ba mai gonar ne ke matsa maka ba, ba kuma tsokanar abokan aikinka ba ce. Kumburin ƙafata ka gani ka yi lissafi.

Allah ya yi maka albarka, Auta. Amma lissafin bai yi ba. Dawakai masu sirdi na gani har na gaji, ƙarin ɗaya ba zai ƙara mini kwana ba. Abin da nake so shi ne Ɗan Asabe ya kai shekara goma sha biyar yana taka ƙafa huɗu daidai, ɗanka ya koyi hawa a kansa. Wannan ko ka yi sauri ko ka yi jinkiri ba ni zan gani ba, kai za ka gani. Shi ne na ƙarshe a jinin Amarya. Kada ka karya shi don idona. Na riga na ga yadda ake hawa da irinsa mota, ba na son in tafi da na biyu a wuyana. In mutanen gonar sun dame ka da cewa doki ya isa, ka ce ba naka ba ne, na wani tsoho ne mai taurin kai a Azare. Ba ƙarya ka yi ba.

Game da igiyar da za ka zo karɓa. Ba Modu ne ya saƙa ta. Bayan Lami na roƙe shi ya yi mini doguwar igiya don dukushin da na samu daga baya, ya ce ba ya ba Bafillatani wuƙa sai ya ga hankalinsa, in kawo masa haƙorin nono tukuna. Wata tara ina duba komin dusa kowace safiya. Ran da na tsinci haƙorin na kai masa a ƙullin hula, ya juya shi a tafin hannu, ya shiga ɗaki ya fito da igiyar. Ashe ya daɗe da gama ta. Sharaɗin da aka yi mini shi zan yi maka. Ka kawo haƙori ka ɗauki igiya. Wani lokaci sukan haɗiye shi ko ya ɓace a ƙasa, in haka ta faru ka ɗauki hoton giɓin da wayarka, zan karɓa. Yau abin da zan ba ka sabuwar ragama ce, don ta kansa ta kusa matse shi.

Ka riƙa ba shi kanwa kaɗan, kada ka cika masa gero don ka ga ya yi ƙiba, ƙiba ma nauyi ce a kan ɗanyen ƙashi. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yaron. Allah ya tsare hanyarka, ya ba ka haƙurin da ni ban samu ba sai da na yi ɓarna. Allah ya raba ka da gaggawa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka.

Ƙari, bayan la'asar. Ban je masallaci ba, a zaure na yi salla don kada ka zo ka tarar da ƙofa a rufe. Babura uku sun tsaya a ƙofar gida, babu naka. Ban ga laifinka ba, lokacin girbi ne. Zan ba Malam Isa direba takardar nan da ragamar, gobe yana da lodi zuwa Gamawa. Igiya tana kan ƙusa a bayan ƙofar ɗakina. Na gaya wa maƙwabciyarmu Hajiya Yagana, in ka zo da haƙori ba ka same ni ba, ta duba shi da kyau sannan ta ba ka. In kuwa abin da ya hana ka zuwa shi ne ka sami wata igiyar a can, to kafin ka kwance shi daga turke ka buɗe bakinsa ka duba. Furar da na sa aka dama maka na aika wa Malam Isa. Tabarmar da na shimfiɗa maka a zaure dai ban naɗe ba.